Shingen Itatuwa Masu Rai a Kewayen Lambu: Zaɓen Iri da Dasawa

Gabatarwa

Duk mai noman lambu ya san ba a fara shuka sai an gama shinge. Da zarar an kawar da amfanin damina aka saki dabbobi, lambun albasa ko tumatir ko latas shi ne kaɗai koren wuri da ya rage a karkara, kuma garken awaki kan iya cinye wahalar wata biyu kafin mai lambu ya dawo daga kasuwa. Abin da akasarin manoma suka saba da shi shi ne darnin kara ko shingen ƙaya. Darnin kara ba ya wuce shekara guda, domin gara da iska da ruwan farko sun ishe shi, ga shi kuma karan ya zama abin sayarwa saboda girki da abincin dabbobi. Shingen ƙaya kuwa sai an saro magarya da farar ƙaya da sarƙaƙiya kowace shekara, kuma kullum dajin ƙara nisa yake yi. Waya mai ƙaya tana da tsada, tana buƙatar turaku, kuma ba ta hana ƙananan awaki wucewa.

Shinge mai rai shi ne a jera itatuwa kusa da juna a kan iyakar lambu, a riƙa datse su har rassansu su sarƙe su zama katanga. Idan ya kafu yakan yi shekaru da yawa, ya ba ka itacen wuta da ganye da 'ya'ya, ya kuma rage ƙarfin iskar hunturu. Sai dai yana ɗaukar shekara uku zuwa biyar kafin ya tsare dabba shi kaɗai, don haka kuskuren da aka yi wajen zaɓen iri ba ya bayyana sai bayan an ɓata lokaci mai tsawo. Ka riƙe abubuwa biyu tun daga farko. Na ɗaya, ba a auna shinge a watan Agusta lokacin da kowane icce ke da ganye, a watan Maris ake auna shi. Na biyu, akuya ba ta cika tsallake shinge ba, ta ƙasa take kutsawa.

Kafin ka haƙa rami

A wurare da yawa na ƙasar nan dasa icce a kan iyaka tamkar shelar mallaka ce. Idan filin aro ne ko haya ko jingina, kada ka dasa ko da tsiro ɗaya sai da yardar mai shi, kuma a gaban shaidu. Idan naka ne, ka kira maƙwabcinka ku taka iyakar tare, in da hali da sanin mai unguwa ko dagaci. Ka ja layin shingen ya shigo cikin filinka da aƙalla rabin mita zuwa mita ɗaya, domin icce yana faɗaɗa, kuma inuwa da saiwa ba su san iyaka ba. Kada shinge ya ci burtali ko hanyar da dabbobi ke bi zuwa mashaya. Wanda ya toshe hanyar ruwa ya sayi rigimar da babu ƙayar da za ta tare ta. A shekarun 1990 cibiyar binciken haɗa noma da itatuwa ta duniya, wato ICRAF, ta yaɗa shingen magarya da bagaruwa da dakwara da jirga da lalle a yankin Segu na ƙasar Mali. Itatuwan sun yi kyau, amma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa batun mallakar fili da ƙarancin masu aiki suna cikin manyan abubuwan da suka hana manoma da yawa karɓar dabarar. Ya kamata malamin gona ya fara tattaunawa da manomi daga nan, kafin a zo maganar iri.

Akwai kuma lissafin ƙasar da shinge zai ci. Lambu mai mita 50 tsawo da mita 50 faɗi, wato rubu'in hekta, kewayensa mita 200 ne. Idan shinge ya ci faɗin mita ɗaya da rabi, ka rasa kimanin murabba'in mita 300 daga cikin 2,500, wato kashi 12 cikin ɗari. A hekta guda kuwa kashi 6 cikin ɗari kawai za a rasa. Saboda haka masu ƙananan lambuna da ke jere a fadama ɗaya sun fi cin riba idan suka haɗu suka kewaye wurin gaba ɗaya da shinge guda.

Zaɓen iri

Rashin kaɗe ganye ba hali ne da icce ke riƙewa a ko'ina ba. Lallen da ke kore shar duk shekara a bakin rijiya a Bida zai iya zubar da rabin ganyensa a kan tudu a Nguru. Hanya mafi inganci ita ce ka zagaya yankinku a ƙarshen rani, ka ga waɗanne itatuwa ne ke riƙe da ganye a irin ƙasar lambunka ba tare da ana ba su ruwa ba. Abin da idonka ya gani a nan ya fi kowane jadawali.

Ka kuma rarrabe aikin ganye da aikin ƙaya. Ƙaya ce ke hana dabba, ganye kuwa shi ke tare iska da ƙura da idon masu wucewa. Da wuya icce ɗaya ya cika ayyukan biyu yadda ake so, shi ya sa shinge mai layi biyu ya fi: masu ƙaya a waje, masu yawan ganye a ciki.

A inda ruwan sama bai kai milimita 700 a shekara ba, kamar Sakkwato da arewacin Katsina da Yobe da Barno, kurna tana cikin waɗanda suka fi dacewa da layin waje. Tana riƙe ganye da rani, tana da ƙaya bibbiyu, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya lanƙwasasshiya, kuma uwar saiwarta ƙasa take nutsawa, ba ta cika gasa da kayan lambu ba. 'Yar'uwarta magarya ta fi ta saurin girma da jure datsa, amma takan zubar da ganye idan zafin bazara ya tsananta. Duk da haka rassanta masu ƙaya suna ci gaba da aikinsu. Aduwa ma ba ta rabuwa da kore, ƙayarta doguwa ce, sai dai tana da jinkirin girma ƙwarai, don haka a gauraya ta da wasu, kada a dogara da ita kaɗai. Bagaruwa ta fi son laka da wurin da ruwa ke kwanciya, abin da ya sa ta dace da gefen fadama, kuma majema suna sayen 'ya'yanta. Aibinta shi ne idan aka yi sakaci da datsa shekara biyu sai ta miƙe ta zama babban icce, gindinta ya buɗe, inuwarta ta rufe kunyoyin da ke kusa.

A layin ciki babu kamar lalle. Yana da ƙananan rassa masu yawa tun daga gindi, yana son datsa, kuma abin da aka datse kuɗi ne, domin ganyen ake busarwa a daka a sayar. Idan ya tsufa ƙarshen rassansa kan yi tsini kamar ƙaya. Da yake lambu wuri ne da ake ban ruwa, danshin da ke tsiyaya daga kunyoyin gefe yakan ishe shi riƙe ganye duk rani. Jirga, wadda wasu ke kira tsattsagi, tana sarƙewa da kyau kuma ana yawan amfani da ita a Jamhuriyar Nijar, amma dabbobi suna son ganyenta, saboda haka sai a bayan ƙaya.

Daga Zariya zuwa Minna da Lafiya da Makurɗi da Ilori, inda ruwa ya kai milimita 1,000 ko fiye, zaɓi ya fi yawa. Lemun tsami da aka shuka daga ƙwaya yana da ƙaya, ba ya kaɗe ganye, kuma idan aka jera shi a tazarar mita ɗaya yakan zama shinge mai wuyar ratsawa. Kada dai ka sa ran 'ya'ya masu yawa kamar na wanda aka dasa a fili, tunda datsa tana rage fure. Shuwaka tana kamawa daga yankan reshe cikin sauƙi kuma tana ba da ganyen miya, amma ita kanta sai an tsare ta daga awaki.

A tsaunukan Jos an daɗe ana kewaye gonaki da gidaje da ƙerana, kuma har yau ana ganin layukanta a ƙauyukan Birom. Ba ta da ganyen kirki, jikinta ne kore duk shekara, dabba ba ta cinta, wuta ma ba ta cika cinta ba. Ana yanko reshe a ƙarshen rani, a ajiye shi a inuwa kamar mako guda har bakin yankan ya bushe, sannan a kafa shi a busasshiyar ƙasa. Idan aka dasa shi ɗanye a jiƙaƙƙiyar ƙasa ruɓewa yake yi. Farin ruwan da ke fita daga jikinta yana ƙona fata, kuma idan ya shiga ido yana iya makantarwa. Mai yanka ya rufe hannu da ido, ya tsaya ta inda iska ke fitowa, in kuwa tsautsayi ya faru a wanke idon da ruwa mai yawa nan take a tafi asibiti. Ba ta dace da lambun cikin gida inda yara ke wasa ba.

Waɗanda ake yawan ruɗuwa da su

Bini-da-zugu da aguwa su ne suka fi saurin zuwa bakin manomi idan aka ambaci shinge, domin sanda kawai ake kafawa ta kama, kuma dabbobi ba sa cin su. Amma dukansu suna tuɓe ganye da rani, su bar sanduna tsirara da tazarar da ɗan akuya zai bi. Suna da amfani wajen nuna iyaka da riƙe yashi, ko a matsayin turakun da za a saƙa ƙaya a jikinsu kafin shingen gaske ya taso. 'Ya'yan bini-da-zugu guba ne ga yara, kuma masana suna gargaɗin kada a kewaye gonar rogo da shi, domin yana iya ɗaukar cutar da ke nannaɗe ganyen rogo. Zogale ma yana kaɗe ganye, ba shi da rassan ƙasa, kuma maimakon ya kori awaki kiran su yake yi.

Darbejiya, wadda aka shigo da ita lardin Barno a 1928, ba ta kaɗe ganye kuma tana jure fari. A kwarin Majiya na Jamhuriyar Nijar, tun daga 1975 aka dasa ta layi bibbiyu don kare gonakin gero daga iska, kuma aikin ya yi suna. Amma aikin tare iska a faffaɗan fili daban yake da shingen ƙaramin lambu. Saiwoyinta na gefe suna bin danshi su shiga kunyoyi, su sha ruwan da ka biya kuɗin mai ka jawo. Idan kana son ta, ka sa ta a gefen arewa kawai, nesa da kunyar farko da mita huɗu ko biyar. Itacen turare ya fi ta shan ruwa, a nisanta shi da lambu da rijiya gaba ɗaya.

Akwai baƙuwar ƙaya da masana ke kira Prosopis juliflora, wadda aka yaɗa a ƙasashen Sahel don yaƙi da hamada. Tana da kore duk shekara, tana girma da sauri, kuma a ido ita ce shingen da ake nema. Dabbobi suna cin 'ya'yanta su baza irin a kashinsu, sai ta mamaye fadama da makiyaya, kamar yadda ya faru a wasu sassan gaɓar Tafkin Chadi. A ƙasar Kenya har ƙara mutanen yankin Baringo suka kai gwamnati a 2006 saboda ɓarnarta. Kada a kai ta inda babu ita. Haka kuma furen nan na ado mai siraran ganye da fure rawaya kamar ƙararrawa, wanda ake kira Thevetia, ko'ina a jikinsa guba ne, kuma ƙwayarsa tana iya kashe yaro.

Tsayi da fuskar rana

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kuma a watannin Nuwamba zuwa Fabrairu rana tana karkata kudu. Ma'ana, inuwar shingen arewa waje take faɗawa, ta shingen kudu kuwa cikin lambu. A watan Disamba shinge mai tsayin mita 2 yana jefa inuwar da ta haura mita ɗaya ko da tsakar rana. Don haka ka bar gefen arewa ya yi tsayi, na gabas ya bi masa, ka riƙe na kudu da na yamma a mita ɗaya da rabi. Shingen da iska ke ɗan ratsawa ya fi katangar da ta toshe ƙiƙam, domin iskar da ta tsallake katanga takan faɗo da ƙarfi a bayanta. Kariyar takan kai nisan da ya ninka tsayin shingen kamar sau goma.

Renon dashe

A layi biyu, ka bar santimita 50 tsakanin tsiro da tsiro, da santimita 50 tsakanin layi da layi, a saɓa su yadda kowane uku za su zauna kamar duwatsun murhu. A wannan tsari lambu mai kewayen mita 200 yana buƙatar dashe 800. Ka reni 900 ko fiye saboda cike gurbin waɗanda za su mutu. Idan adadin ya yi maka yawa, ka fara da gefen da dabbobi suka fi shigowa, ka kammala sauran a shekara ta biyu.

Ana shuka iri a leda wata uku zuwa huɗu kafin dasawa, wato Fabrairu ko Maris ga mai son dasawa a Yuni ko Yuli. A cika leda da haɗin ƙasar sama kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Kowane iri da yadda ake tayar da shi. Na bagaruwa da jirga ɓawonsu yana da tauri: a tafasa ruwa, a sauke, a zuba irin a ciki ya kwana. Irin bagaruwar da aka tsinto a turken awaki ya riga ya sha wannan magani a cikin dabba, yakan tsiro da sauri. Magarya da kurna a fasa ƙwallon a hankali a ciro ƙwayar ciki ba tare da an ji mata rauni ba. Irin lalle a jiƙa shi kwana uku zuwa bakwai ana sauya ruwa kullum, ko kuma a yi amfani da yankan reshe mai kaurin fensir da tsawon santimita 20 zuwa 30. Irin darbejiya da na lemun tsami ba sa jure ajiya, a shuka su suna sababbi.

Kowane mako biyu ko uku a ɗaga ledojin a sauya musu wuri, a yanke saiwar da ta huda ta fito, in ba haka ba za ta kama ƙasa ta tsinke ranar dasawa. Saura mako biyu a rage ban ruwa a cire rumfa don tsiron ya saba da rana. Inda damina ke da tsawo ana iya shuka bagaruwa da magarya kai tsaye a layin shinge, ƙwaya biyu ko uku a rami. Wannan ya fi araha, amma yana buƙatar noma akai-akai, domin ciyawa tana danne ƙaramin tsiro.

Dasawa

Ka jira sai damina ta zauna, ƙasa ta jiƙu zurfin kamu biyu. Wanda ya dasa da ruwan farko yakan yi asara idan aka sami tsaikon ruwa, wanda ya kai ƙarshen Agusta a Arewa kuwa saiwar ba za ta nutse ba kafin rani. Haƙa dogon rami mai faɗi da zurfin santimita 30 zuwa 40 ya fi haƙa ramuka ɗaiɗai, tunda tazarar kaɗan ce. A gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki a mayar. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa yana kuma kiran gara. A dasa da yamma ko ranar da ake da hadari. A yanke gindin leda, a tsaga gefenta, a cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta warwatse ba. Wuyan tsiro ya zauna daidai da fuskar ƙasa, a danne da ƙafa, a yi masa ɗan gurbin tara ruwa. Kada ka manta da barin ƙofa mai faɗin da amalanke zai shiga. Bayan mako uku a bi layi a cike gurbin da ya mutu, domin giɓi ɗaya ya isa ya ɓata shinge duka.

Kulawa da datsa

Sabon shinge shi ma abincin dabba ne. Dole ka ci gaba da yin darni ko shingen ƙaya a bayansa har shekara biyu ko uku, kuma a nan ne manoma da yawa ke karaya. A ranin farko a ba shi ruwa sau ɗaya a mako, a jiƙa shi sosai, ya fi yayyafi kullum. A rufe gindi da busasshiyar ciyawa amma kada ta taɓa jikin tsiron saboda gara, a barbaɗa toka idan an ga alamarta. A share ciyawa faɗin mita 2 zuwa 3 ta waje kafin lokacin ƙunar daji.

Datsa ta farko ita ce ta fi wuya a zuciyar manomi. Tsiro ya kai ƙugu yana sheƙi, sai a ce ka sare shi. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A farkon damina ta biyu ka datse duk layin a tsayin santimita 30 zuwa 40 daga ƙasa, da adda mai kaifi, sara ɗaya a karkace. Kowane kututture zai fitar da rassa da yawa daga ƙasa, kuma waɗannan su ne shingen. Idan ka ƙyale shi ya miƙe, za ka sami jerin itatuwa masu kai a sama da ƙofofi a ƙasa. Daga nan a riƙa ƙara tsayin da kamar santimita 30 zuwa 40 a kowace datsa har a kai inda ake so. Dogayen rassan magarya da kurna na gefe kada a yanke su duka, a lanƙwasa su a saƙa cikin na maƙwabta. Siffar da ake nema ita ce gindi ya fi sama faɗi, don hasken rana ya kai ga rassan ƙasa. Idan sama ta fi faɗi, ganyen ƙasa zai mutu saboda inuwa. Rassan ƙaya da aka datse a cusa su a inda ya rage giɓi.

Shingen da ya kafu yana buƙatar datsa sau ɗaya ko biyu a shekara, ɗaya daga ciki kafin a fara aikin lambu. Kowace shekara ko biyu a haƙa siririn rami mai zurfin santimita 40 zuwa 50 ta cikin lambu, nesa da shingen da kamar mita ɗaya, a yanke saiwoyin da suka nufo kunyoyi, a mayar da ƙasa. A riƙa kwashe tarkace daga gindi don kada ɓeraye da gafiya da macizai su sami maɓoya. Idan kana da gero ko dawa ko shinkafa kusa, ka yi datsar kafin su fitar da kai, domin shinge mai duhu masaukin tsuntsaye ne.